Dutse Ɗaya, Diethelm Biyu

Kalmar farko da Diethelm Brammer ya iya karantawa a duniya ita ce sunansa, kuma a jikin dutsen kabari ya karanta ta. Uwarsa ce ta kama ɗan yatsansa tana bin haruffan da shi ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye riƙe da butar ban ruwa da ta kusa kai shi tsawo. Duk mai cewa wannan tarbiyya ce, to ya je ya gwada a kan nasa ɗan.

Ga asalin maganar. Elfriede, matar Dietrich Brammer ta ƙauyen Wendeloh a arewacin Jamus, ta fara haihuwar mace, Irmgard, sannan ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu ta sami namiji. Miji yana bakin daga, ba wanda ya san ko zai dawo, sai ta zauna ita kaɗai ta zaɓi suna. Ta bi hanyar mutanen da can, waɗanda sunayensu duk gida biyu ne, a ɗauko rabi daga na uba, rabi daga na kaka, a haɗa wa jariri. Ta ɗebo farkon Dietrich, ta ɗebo ƙarshen Wilhelm, sunan mahaifinta, sai ga Diethelm, tsohon suna tun zamanin takobi da garkuwa. Duk wanda ya ji ya ce ta iya zaɓe.

Yaron ya rayu shekara biyar. A sanyin nan na bayan yaƙi, lokacin da mutane ke ƙona kujerunsu don su ji ɗumi, mashaƙo ya shiga ƙauyen ya tafi da shi. Uban, wanda bai daɗe da dawowa ba, ya ja maraƙinsu tilo ya kai wa mai sassaƙar dutse, a lokacin da dankali ma sai an tashi tsaye. Aka kafa dutse jikin bangon coci, baƙi mai sheƙi, aka rubuta sunan da manyan haruffa can sama, aka bar wuri a ƙasa don iyaye in tasu ta zo.

Shekara ta zagayo, Elfriede ta sake haihuwar namiji. Ranar baftisma fasto ya riƙe jariri ya tambayi suna. Ta ce Diethelm. Fasto ya dubi uban, uban ya dubi takalminsa. Tsofaffin mata suka ce ai al'ada ce, haka kakanni suke yi don kada suna ya fita daga gida. Gaskiya ne an yi haka a da, zamanin da yara ke zubewa kamar ganye. Amma su mutanen da in sun mayar da suna sai su share hawaye su rungumi mai rai. Ba sa rataye hoton mamaci a saman gadon jariri. Elfriede ta rataye.

Kafin yaron ya yi haƙori ƙauye ya gama raɗa masa nasa sunan: Na Biyu. Da shi aka kira shi a makaranta, da shi aka kira shi a wurin aiki. Kansa ya yi fari fat ana ce masa Na Biyu, har da yaran da ba su ma san an yi na farko ba.

Kayan wansa ya yi ta sawa har suka ƙi shiga. Ranar haihuwar wan a ƙarshen sanyi take, kuma duk shekara sai an gasa kek an kunna kyandir an zauna jugum. Tasa ranar ta faɗo daidai lokacin tonon dankali, wa yake da sararin gasa kek? In ya bar kabeji a kwano sai uwar ta ce Diethelm ɗinta bai taɓa barin abinci ba. In ya fasa kofi, ai Diethelm ɗinta yaro ne mai natsuwa. Mutum yana gasa da ɗan shekara biyar da ya mutu kafin ya sami damar yin laifi, ta ina zai ci? Kowace Asabar kuma sai maƙabarta: uwa a gaba da fararen furanni, Irmgard da ɗan manjagara, shi a baya da buta.

Sau ɗaya tak sunan ya ba shi abin daɗi yana yaro, shi ma bai kwana da shi ba. Suna da wani malami mai hannu ɗaya, mai son tsofaffin sunaye, wanda wata rana ya bi aji yana fassara wa kowa nasa. Gerhard, mashi mai ƙarfi. Eberhard, aladen daji, aji ya bushe da dariya. Da ya zo kan Na Biyu sai ya ce Diet jama'a ke nan, helm kuwa kwalkwali, abin da mayaƙi ke kare kansa da shi, wato wanda jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsa. Ya ce babban suna ne, ya riƙe shi da kyau. Waltraud, 'yar mai gyaran takalma, tana bencin baya, ta ga kunnuwan yaron sun yi ja don murna. Ana tashi ya ruga gida bai ko tsaya wasa ba, ya tarar da uwarsa tana feraye dankali, ya zayyana mata duk abin da malam ya ce.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ai ni na zaɓa masa."

Bai ba kowa wannan labari ba sai bayan ya auri Waltraud ɗin nan da shekaru, kuma yana dariya ya ba ta shi. Ita ba ta ga abin dariya ba. Har yau in ta tuna sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Ya girma ƙato, mai shiru, mai sanyin hali har ya yi yawa. Ya zama direban tankar madara, yana bin gonaki yana kwasa ya kai kamfani, har ƙarar injin tsotso ta kashe masa kunnen hagu. Ya san karen kowane gida. Ya san wace tsohuwa ce ba ta da mai sayo mata magani, ya sayo ya ajiye mata a bakin ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. A ƙungiyar 'yan busa ta coci shi ke ɗaukar ƙaton ƙahon tagulla, irin wanda ba a lura da muryarsa sai ranar da ba ya nan. Ba a binne mutum ɗaya a Wendeloh ba tare da ya tsaya bakin rami ya busa masa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Kuma daga duk inda ya tsaya a maƙabartar yana hango sunansa jikin bango.

Waltraud ta aure shi tana sane da gidan da za ta shiga, ko kuwa haka ta zata. Ranar aure, suna fitowa daga coci jama'a na watsa musu shinkafa, sai Elfriede ta kama ta a gwiwar hannu ta ce furannin amarya a kai wa Diethelm. Waltraud ta miƙa wa angonta. Surukar ta ce ba wannan ba. Haka amarya ta taka cikin farar riga har jikin bango, ta durƙusa ta ajiye furanninta a kan kabari mai ɗauke da sunan mijinta. A duk rayuwarta ba abin da take jin haushin kanta a kai kamar wannan durƙuson. Yarinya ce lokacin, ba ta san ana cewa a'a ba. Ta koya daga baya, ta kuma ƙware.

Da ta sami ciki, surukar da Irmgard suka shiga saƙa 'yan riguna shuɗɗa, suna magana ƙasa-ƙasa a kan yadda suna zai ci gaba. Allah ya kawo mace, aka sa mata Silke. Diethelm ya fita bayan asibiti ya jingina da bango yana dariya hawaye na zuba, har wata ma'aikaciya ta zo tana ba shi haƙuri, wai kada ya damu, namiji na nan tafe. Ba su ƙara haihuwa ba, kuma ba a haifi wanda zai tambayi Waltraud dalili ba.

Uba ya rasu, aka sa shi ƙarƙashin baƙin dutse. Uwa ta bi, aka ƙara sunanta. Waltraud ta ce to, an gama. Ina aka gama? Irmgard, wadda ba ta taɓa aure ba, ta gaji fararen furanni, ta gaji manjagara, ta gaji har muryar uwar. Kowace Asabar Diethelm ya kai ta maƙabarta, ya ɗebo ruwa, ya zuba inda ta nuna. Su zauna kan benci, ita kullum a hagunsa, tana zuba labarin yadda ɗan yaron ya iya waƙa, shi yana gyaɗa kai. Waltraud ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce masa an ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo, shi ga dutse yana dafawa tun yana ɗan yaye, ina romon? Sai ya yi murmushi ya ce ai ruwa ne kawai yake zubawa, bai rage shi da komai ba. Ƙarya yake yi. Matar da ta yi shekara hamsin da mutum ta san abin da ya rage shi. Duk Asabar in ya dawo ba ya cin abincin rana, sai ya shige ɗakin ajiya ya yi ta goge ƙahon da ba shi da datti.

Ciwon ya kama shi ta ciki. Likitoci suka buɗe, suka rufe, suka ce ya koma gida. Wata rana da la'asar suna zaune a lambun bayan gida, tana ɓare wake, shi yana lulluɓe da bargo ana tsakiyar zafi, sai ya ce, "Traudel." Haka yake kiranta in maganar mai nauyi ce.

Ta ce tana ji.

"Kada ki bari a sa ni ƙarƙashin dutsen nan."

Ba ta daina ɓare waken ba, don in ta daina kuka za ta yi. Ta tambaye shi to me za a rubuta a nasa. Ta ɗauka zai ce a sa Brammer kawai, tunda sunan ya isa da shi.

"Sunana mana. Shi shekara biyar ya riƙe shi. Ni saba'in da biyar na yi ina ɗauke da shi. Nawa ne."

Ta ce to ya kira yayarsa ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce zai faɗa. Irmgard ta yi ta zuwa bayan nan, ta zauna a hagunsa, ta ba shi labarin furanni, ya gyaɗa kai. Bai faɗa ba. Mutumin da bai taɓa iya ɓata wa kowa rai ba ya tafi ya bar wa matarsa faɗan, kuma wannan ma Waltraud ba ta yafe masa ba.

Washegarin rasuwar, tun ba a wanke kofunan masu gaisuwa ba, sai ga Irmgard tana tura ɗan keken da take dogarawa da shi in za ta yi tafiya, tsohuwa tukuf, baƙar riga a goge, ga kek a kwandon keken. Ta zauna a kicin kamar ita ce mai gidan. Silke, wadda ta iso daga birni, ta zuba kofi. Irmgard ta ce kada kowa ya wahalar da kansa, ta riga ta yi magana da fasto, ta kuma buga wa mai sassaƙa waya. Aikin ma ba yawa, suna yana nan tun tuni, kwanan wata kawai za a ƙara a ƙasa.

Waltraud ta ce ba can za a sa shi ba, ta faɗi abin da ya ce a lambu.

Irmgard ta ce ita bai taɓa gaya mata haka ba, ciwo ne ya sa shi sambatu. Silke ta ce Mama ta yi haƙuri, Baba ya riga ya tafi, ba zai san inda aka sa shi ba, me ya kawo rigima a gidan makoki. Aka yi ta juya magana. Irmgard na kawo zumunci, tana kawo burin uwarsu na ganin 'ya'yanta wuri ɗaya. Waltraud ta zuba mata ido. Ta san dangin mijinta, in suka cika ambaton zumunci to akwai lauje cikin naɗi.

Ta ce, "Irmgard, yaushe wa'adin kabarin zai cika?"

Tsohuwa ta shiga gyara cokali a gefen kofi.

A nan gizo ke saƙar. Kabari a Wendeloh ba na har abada ba ne. Shekara talatin daga binnewar ƙarshe, sai a ɗauke dutse, a baje wuri, a shuka ciyawa. Da ana iya sabuntawa, amma dattawan coci sun yanke cewa layin jikin bango ba za a ƙara wa kowa wa'adi ba, sai dai in an sake binne ɗan gida a ciki. Elfriede kuwa ta kusa cika talatin ɗinta. In aka sa Diethelm a ciki, dutsen ya sami wasu talatin. In ba a sa ba, ƙarshen sanyi mai zuwa za a tumɓuke shi.

Waltraud ta ce, "Wato ba ƙaninki kike son binnewa ba. Mai gadi kike nema wa dutse. Yana raye ya shayar da shi, ya mutu kuma ya je ya riƙe masa wuri."

"Ke ba ki san yaron nan ba," in ji Irmgard. "Ba wanda ya rage da ya san fuskarsa sai ni. Ni na raine shi. In aka ɗauke dutsen nan, kamar ba a taɓa haifarsa ba. Da Mama da Baba duk za a baje su, ke ko a jikinki."

Nan Waltraud ta ɗan yi sanyi, don ita ma zuciya gare ta. Amma ta dubi kujerar da ba kowa a kanta, ta dubi tsohuwar da ke zaune daidai hagun kujerar kamar yadda ta saba, sai abin ya dawo mata sabo.

"Wancan kin san fuskarsa, na ji. To wannan fa? Wane kunne ne ba ya ji da shi?"

Irmgard ta ce wane irin kunne kuma.

"Na hagu. Ya fi shekara ashirin a mace. Wanda kike zama kusa da shi kina zuba."

Da Waltraud ta tsaya nan da ya isa, amma ba ta iya tsayawa ba in ta fara. Ta ce wuri ɗaya ya rage a kabarin, Irmgard ta riƙe wa kanta, tana da daga nan har ƙarshen sanyi. Silke ta toshe baki da hannu. Tsohuwa ta miƙe a hankali, ta juya kekenta, ta fita ta bar kek a kan tebur. Ba wanda ya taɓa shi har ya bushe.

Da yamma fasto ya zo, saurayi mai kyakkyawar zuciya, irin masu ganin kowace rigima rashin fahimta ce. Ya ce uwargida Brammer ta sani doka ita ta ba wa ta cewa, ba wanda zai tilasta mata. Sai dai ko za a raba gardama: a sa shi a kabarin gida, a kafa masa ɗan ƙaramin dutse nasa a gindin babban. Waltraud ta ce tun yana yaro a gefen tebur ake ajiye masa kwano, ba za a ƙare da shi a gefen dutse ba. Fasto ya shanye kofinsa ya tafi.

Kafin gari ya waye magana ta zaga ƙauye. A shagon burodi mata suka yi shiru da ta shigo, ta juya baya suka ci gaba: wai matar Na Biyu za ta sa a baje surukanta saboda baƙin hali, wai dama tun ranar aurenta take riƙe da su. Wannan bai dame ta ba, ta san bakin Wendeloh. Abin da ya soke ta shi ne Silke, da ta same ta tana ninke rigunan mamaci, ta ce cikin kuka, to ita in ta zo gida ina za ta riƙa gaida kakanninta? Elfriede ta ci amanar ɗanta, amma ta so jikar nan, ita ta koya mata saƙa. Shi kuwa tsoho Dietrich laifinsa ɗaya ne a duniya, kallon takalmi.

Waltraud ta sa riga ta tafi maƙabarta ita kaɗai. Ta tsaya gaban baƙin dutse, ta karanta shi daga sama kamar baƙuwa. Diethelm Brammer da manyan haruffa, da shekarun ɗan yaro. Dietrich. Elfriede. Ta sunkuya, gwiwa na ƙara, ta ɗora tafin hannu a wurin da ya rage. Tafi ɗaya ne cif, can ƙasa, inda fararen furanni ke rufewa da zafi, ƙanƙara ta rufe da sanyi. Nan ne za a cusa shekara saba'in da biyar, da tankar madara, da ƙaho, da wake, da ita kanta. Mai wucewa zai karanta sunan a sama ya ce Allah sarki, ɗan yaro, ya yi gaba.

Ta miƙe ta ratsa maƙabartar har ɗaya ƙarshen, sabon sashe jikin shinge, inda ba wanda ke so saboda ƙarar titi. Ta tsaya ta waiwaya. Cocin ya tare, ba a hango bangon daga nan. Ta je ta ƙwanƙwasa wa fasto ƙofa ta ce ta zaɓa.

Ranar jana'iza Irmgard ta zo coci ta zauna a baya. Da aka fito da akwati jama'a suka bi shi zuwa shinge, ita ta karkata kekenta zuwa bango. 'Yan busa suka busa ba ƙaton ƙaho, waƙar ta fito kamar ɗaki ba daɓe, har wasu suka riƙa waige-waige suna neman abin da ya ɓata. Bayan nan aka taru a gidan abinci, aka sha kofi da kek mai man shanu kamar yadda ake yi wa kowa. Hinrich, shugaban 'yan busa, abokinsa tun makaranta, ya miƙe da ɗan ƙaramin kofi a hannu, ido jawur. Ya ce a sha don tunawa da Na Biyu namu.

Waltraud ba ta ɗaga murya ba. "Hinrich, sunansa Diethelm."

Ya tsaya da kofi a sama. Ya ce ai kowa ya san wanda yake nufi, Traudel.

"Ni ban san wani Na Biyu ba. Mijina ɗaya ne. Faɗi sunansa ko ka zauna."

Tsoho ya dubi kofinsa. Ya ce Diethelm. Sunan ya yi masa nauyi a baki kamar bai taɓa furta shi ba, kuma ta yiwu bai taɓa ba. Teburi ɗaya ya amsa, sannan na kusa da shi, har ya zagaye ɗakin.

Dutsen da ta sa aka sassaƙa ja ne, marar sheƙi, sunan a tsakiya, ba kowa a sama ba kowa a ƙasa. Ƙarshen sanyi ya zo, ma'aikata suka tumɓuke baƙin dutse suka shuka ciyawa. Silke ta yi watanni ba ta zo gida ba. Irmgard kuwa in ta hango Waltraud sai ta tsallaka titi da kekenta, ko da mota na tafe.

Wata Asabar Waltraud ta zo da buta ta tarar an shuka fararen furanni a kan kabarin mijinta, a jere, an bi da manjagara. Ba ta yi wata-wata ba. Ta durƙusa ta tone su ɗaya bayan ɗaya da saiwarsu, ta zuba a tukunya, ta ɗauka har ƙofar Irmgard.

Tsohuwa ta buɗe, ta dubi tukunyar. Ta rame ƙwarai. Ta ce, "To yanzu ina kike so in kai masa su?"

"Ki sa a tagarki. Hotonsa na wurinki, ki shayar da su har ki gaji, ba mai hana ki. Amma can wurin na mijina ne."

Irmgard ta karɓi tukunyar ta rungume. Ta ce shi ma ai ƙaninta ne.

Waltraud ta riga ta juya, sai ta tsaya. Ta ce in da gaske wurinsa za ta je, to shi furen wake yake so, ja, wanda ke hawa shinge, ko wannan ma ba ta sani ba. Ta ce akwai iri a ɗakin ajiya, in tana so ta zo ta ɗiba.

"Kuma in kin je ki tsaya ta damansa," in ji ta. "Da wannan kunnen yake ji."